Yadda Na Kusa Zama Malamin Duba a Fagge

Ko na manta da komai na shekarun da na yi ina koyarwa, ba na jin zan manta da makon da wata 'yar takarda mai layi huɗu ta kusa raba ni da aikina, ta kuma kusa liƙa mini sunan da ba zai goge ba a unguwarmu. Na ce "ba na jin" ne don haka bakina ya saba, amma wannan kam na tabbata.

A lokacin ban daɗe da dawowa daga bautar ƙasa ba. Fiziks na karanta a jami'a, na kuma samu aikin koyar da kimiyya a wata ƙaramar makarantar kuɗi a Fagge, bene ne mai hawa biyu a bayan shagunan atamfa. Mai makarantar wata Hajiya ce 'yar asalin Barno wadda aka haifa a Kano, mace mai ƙarancin magana da yawan lura. Ni kuwa halina ba ɓoyayye ba ne. In ka tambaye ni ƙarfe nawa, sai in ce kamar biyu ta ɗan gota, in dai agogona daidai yake. Wani ɓangare na wannan hali a jami'a na samo shi, inda aka hore mu da kada mu faɗi abin da ba a auna ba. Amma in zan faɗi gaskiya, mafi yawansa tsoro ne kawai, tsoron kada a kama ni da kuskure. Ban yi wata biyu a makarantar ba ɗalibai suka raɗa mini suna Malam Wataƙila.

A shekarar ne hotunan wani sabon madubin hangen nesa da aka harba sararin samaniya suka riƙa yawo a waya. Na nuna wa 'yan babban aji guda ɗaya daga ciki, baƙin fili ne cike da ɗigo-ɗigon haske, na ce musu kusan kowane ɗigo ba tauraro ɗaya ba ne, gungun taurari ne guda da ba za su ƙirgu ba. Ajin da kullum nake fama da surutunsa ya taru a kan wayar. Sai wata ɗaliba ta ce, "Malam, mu ba za mu taɓa gani da idonmu ba kenan, sai a waya?" Tambayar ta tsaya mini a rai, kuma a hanyar gida na tuna da Baba mai gilashi.

Baba dattijo ne da ke sayar da gilashin ido a kasuwar Sabon Gari, yana kuma gyara duk wani abu mai gilashi a jikinsa. Iyayensa daga ƙasar Yarabawa suka zo, amma shi a Sabon Gari aka yanke masa cibiya, kuma Hausarsa ta fi tawa karin magana nesa ba kusa ba. A lungun shagonsa akwai wani farin bututu mai tsawon taɓarya, a kan ƙafa uku, wanda ya shigo cikin kayan gwanjo shekaru da dama, ba a samu mai saye ba, har ya zama wurin rataye hularsa. Ƙaramin madubin hangen nesa ne. Da na roƙe shi aro sai ya ce, "Malam, ba na aika 'yata unguwa ba rakiya. In za ta je, da ni za ta je." Na ce hakan ma ya fi.

Hajiya ta amince, ta ce in rubuta wa iyaye takarda da Hausa, tunda ba kowa ke karanta Turanci ba. Sau uku na sake rubuta takardar nan. Na duba kwanan wata, na duba ƙa'idar rubutu, har waƙafi sai da na gyara. Abin da na rubuta shi ne, makaranta na sanar da iyaye cewa malamin kimiyya zai fara koya wa ɗalibai ilimin taurari, kuma ranar Alhamis bayan magariba za a yi duban taurari a saman bene. Yanzu in na tuna sai in riƙe baki. Duk ɗan Kano ya san wa ake ce wa mai ilimin taurari, wato mai tambayar sunanka da na mahaifiyarka ya buga lissafi ya gaya maka abin da zai same ka. Duba kuwa ba sai an yi wa kowa fassara ba. Na kuma haɗa da daren Juma'a. Ni da aka haifa a Fagge na san duk wannan, amma shekarun da na yi ina karanta abin da Turanci sun sa kalmomin sun zo mini da wata ma'ana daban, ban ji su da kunnen unguwa ba.

Ranar Litinin aka raba takardar. Ranar Talata bayan an tashi, mahaifiyar wata ɗaliba, mai sayar da zannuwan gado, ta same ni a ɗakin malamai. Sai da ta jira kowa ya fita sannan ta matso ta rage murya.

"Malam, ashe kana taɓawa?"

"Taɓa me, Hajiya?"

"Haba, ai mun ga takarda. Kasuwa ce ta tsaya mini tun bayan sallah. Na ce ko za ka duba mini tauraron nawa. Sunan mahaifiyata za ka buƙata ko?"

A nan ne na gane abin da na aikata. Amsa ɗaya ce ta kamata, wato a'a, ni ba mai duba ba ne. Amma sai na ji bakina yana cewa, "To, ba lallai ba ne a ce irin wannan ne, kodayake ta wata fuskar akwai ɗan lissafi a ciki." Ta gyaɗa kai kamar wadda aka ba sirri, ta ce, "Na gane, Malam. Ba a faɗa a makaranta. Zan dawo." Ta fita abinta.

Washegari Hajiya mai makaranta ta aiko a kira ni ofis. Na tarar da shugaban kwamitin iyaye a zaune, takardata a hannunsa. Wani Alhaji ne babban dillalin atamfa, 'ya'yansa uku a makarantar, kuma kowa ya san in ya cire nasa, rabin layin za su bi shi. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa ba yabo ba fallasa, ya kalle ni ta saman gilashinsa.

"Kai ne mai duban?"

"Ranka ya daɗe, kamar dai an samu rashin fahimta."

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Abin da za ka nuna wa yaran nan, yana bayyana abin da ke ɓoye ko ba ya bayyanawa?"

Na san abin da yake nufi sarai, amma tsoron faɗin abin da ba daidai ba ya sake kama ni. Na ce, "To, ana iya cewa yana nuna abin da ido ba ya iya gani, wataƙila har da abin da ya faru tun da daɗewa."

Ya juya wajen Hajiya ya ce, "Kin dai ji da kunnenki. Mun kawo yara su koyi lissafi da Turanci, ba bugun ƙasa ba. Ko shi, ko 'ya'yanmu."

Sai Hajiya ta ce, "Alhaji, ba a yanke wa kare kunne don an ji labarin cizo. Gobe babu yaron da zai hau benen nan. Kai kaɗai za ka zo ka gani da idonka. In ka ga abin da ya saɓa wa addini, ranar Juma'a Malam ba zai shiga aji ba." Alhaji ya amince. Ni kuwa na fito daga ofis ɗin. Ba aikin kaɗai nake tunani ba. Mahaifiyata nake tunani, yadda za ta shiga gidan biki a nuna ta a ce ga uwar yaron nan da ya je jami'a ya dawo da duba.

Daga makaranta Sabon Gari na wuce. Da Baba ya karanta takardar, dariya ya yi har sai da ya cire gilashinsa ya share hawaye.

"Kai ɗan Fagge, yau ni Bayarabe ne zan koya maka Hausa? Duban taurari, kuma daren Juma'a. Me ya hana ka ce kowane yaro ya taho da baƙin zakara?"

"Baba, ni aikina ke reto kai kana dariya."

"Wane Alhajin ne? Mai gilashi mai ruwan zinare?" Na ce shi ne. Ya ce, "Ni na yanka masa shi. Ka ji shawarata, gobe kada ka yi masa lacca. Ka bar idonsa ya yi aiki. In kuma ya tambaye ka, abin da ka sani ka ce ka sani. Wannan kwana-kwanar taka ko ni da na san ka sai in zarge ka."

Damina ce, kuma ranar Alhamis da la'asar hadari ya haɗo ta gabas. Na riƙa leƙa taga kamar manomin da ya baza hatsi. In gari bai washe ba, babu abin da zan nuna, kuma Alhaji ba mutumin da ake ce wa ya dawo gobe ba ne. Aka zuba ruwa kamar na rabin sa'a, sai ya ɗauke, sama ta fito fes kamar an wanke ta da sabulu. Muka ɗauko bututun a adaidaita sahu, Baba ya rungume shi a cinya, mai mashin ɗin yana ta waiwaye yana tambaya ko dai ba abin harbi ba ne. Muka yi sallar magariba a masallacin layin, muka hau sama mu huɗu, ni da Baba da Hajiya da Alhaji.

Da Alhaji ya ga Baba sai ya ce, "Au, har da kai a ciki?"

"Har da ni. Wannan da kake gani yayan gilashin da ke fuskarka ne. Uwa ɗaya uba ɗaya, shi dai ya fi cin abinci. In haramun ne, to fara cire naka."

Alhaji bai yi dariya ba, amma na ga gefen bakinsa ya motsa.

Jinjirin wata ne na kwana uku ko huɗu, yana rataye ta yamma a saman rufin shaguna, ga Zara a kusa da shi tana ƙyalli kamar yadda kowa ya saba ganinta. Na saita madubin a kan watan. Alhaji ya yi bisimilla, ya sunkuya, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya ce, "Ashe duk ramuka ne. Kamar titin unguwarmu bayan ruwa." Na ce ramuka ne da duwatsu, kuma inuwar da yake gani a bakinsu ta hasken rana ce. Na san wannan bai isa ba, domin kowa ya taɓa ganin hoton wata.

Sai na karkata bututun kaɗan zuwa kan Zara, na gyara, na ce ya sake dubawa. Ya leƙa, ya ɗago nan da nan.

"Ai watan ka sake nuna mini, sai dai ka ƙanƙanta shi."

"Ba wata ba ne, Alhaji. Zara ce."

Ya kalle ni kallon wanda ake so a yi wa wayo a ciniki. Ya koma bayan bututun, ya rufe ido ɗaya, ya bi tsawonsa da kallo kamar mai duba miƙewar katako, ya ga lallai kan Zara ya nufa, watan yana can gefe. Ya sake leƙawa. Sau uku yana yin haka. Abin da yake gani shi ne ɗan ƙaramin lauje fari tas, siffarsa ɗaya da ta jinjirin watan, har inda bakinsa ya fuskanta. Tauraruwar da ya yi shekara sittin yana gani a matsayin ɗigon haske, ashe ita ma tana da jinjirinta.

Baba ya ce, "To me za ka yi mamaki? Ba matar wata ba ce? Zama da maɗaukin kanwa ai shi ke kawo farin kai."

A nan dariyar ta ƙwace wa Alhaji. Ya kira Hajiya ya ce ta zo ta ga ikon Allah. Ni kuma na yi bayani ba tare da wataƙila ko ɗaya ba, don wannan abu ne da aka daɗe da aunawa. Na ce Zara ba ta da wutar kanta, duniya ce kamar tamu da ke zagaya rana, kuma ɓangaren da rana ta haska shi muke gani, kamar dai watan.

Alhaji ya dafa bututun ya ce, "Wannan na gwanjo kenan. Na masu kuɗin fa, me yake gani?"

Na ciro waya na nuna masa hoton nan da na nuna wa ɗalibai. Na ce madubin da ya ɗauke shi faɗinsa ya kai ɗakin aji, kuma an kai shi can nesa, ya wuce wata, inda babu hadari babu hayaƙin janareto. Yana kuma iya kama irin hasken da idon mutum ba ya gani, ɗan'uwan ɗumin da kake ji in ka kusanci dutsen guga. Na ce duk abin da ke cikin hoton, a sama bai fi wurin da ƙwayar yashi za ta rufe ba in ka riƙe ta ka miƙa hannu, amma gungun taurarin da ke ciki dubbai ne. Sai na zo wurin da ya rikita ni a ofis. Na ce haske ma tafiya yake yi. Na rana minti takwas da 'yan kai yake yi kafin ya iso mu. Na waɗannan jajayen ɗigon kuwa ya yi dubban miliyoyin shekaru a hanya, saboda haka ba yadda suke yau muke gani ba, yadda suke ne ranar da hasken ya baro su.

Ya murza gemu. Can ya ce, "Kamar kayan jirgin ruwa kenan. Ka yi oda, kafin kaya su iso Kano masaƙar ta canja zane, wani lokaci ma ta rufe, kai kuwa kana nan kana buɗe dila kana cewa sabon yayi."

"Haka yake, Alhaji, babu ragi."

"To ashe tsohon yayi kuke kallo."

Ban san inda maganar ta fito mini ba, amma na ce, "Shi ne bambancinmu da waɗanda kake tsoro. Mai duba gobe yake cewa yana gani. Wannan kuwa ko yau ba ya gani, jiya kaɗai."

Ya sake karɓar wayar, ya sa yatsa ya buɗa hoton har ya dushe. Ya nuna wani ɗan jan ɗigo a can gefe ya ce, "To bayan wannan na ƙarshen, me ke akwai?"

Na ji tsohon halin yana tasowa, bakina har ya haɗa "to, ana iya cewa". Sai na haɗiye shi na ce, "Ban sani ba."

"Masu madubin fa?"

"Su ma ba su sani ba. Hasali ma da suka leƙa can nesa, sun tarar da gungun taurari da suka girma tun da wuri fiye da yadda lissafinsu ya ba su, dole suka koma suna sake lissafi. Duk sabon madubin da aka yi, yakan amsa tambaya ya kuma haifo wasu."

Alhaji ya miƙo mini wayar. Ya ce, "Na ga masu duba iri-iri a kasuwa, suna zuwa har shago. Ban taɓa jin ko ɗaya ya ce bai sani ba." Ya juya wajen Hajiya. "Yaron nan ba boka ba ne. Hausa ce ba ta ishe shi ba."

Baba ya ce, "Na faɗa masa jiya."

Alhaji ya zaro takardata daga aljihu, ya ari biro a wurina, ya ɗora ta a kan bangon benen. Da hasken wayar Hajiya ya soke "ilimin taurari" ya rubuta "darasin sararin samaniya", ya soke "duban taurari" ya rubuta "kallon wata da madubin hangen nesa". Ya soke Alhamis ya sa Asabar. A ƙasa ya sa hannu a matsayinsa na shugaban iyaye. Muna naɗe ƙafafun bututun aka kira isha'i.

Ranar Asabar iyaye sun kusa fin yara yawa a saman benen, har sai da Hajiya ta riƙa hawar da mutane goma-goma. Alhaji da kansa ya tsaya a gefen madubin yana yi wa abokan kasuwarsa bayanin tsohon yayi, kamar shi ya ƙera shi. Mai zannuwan gado ma ta zo. Ta leƙa Zara, ta yi salati, sannan ta matso kusa da ni ta ce, "To Malam, kasuwar fa?" Na ce, "Hajiya, ban sani ba, kuma wannan bututun bai sani ba. Allah ya buɗa." Ta ce amin, ta koma ta bi layi don ta sake gani.

Har yau ina koyarwa a makarantar, kuma duk zango sau ɗaya Baba yakan rako 'yarsa mu hau bene. Duk takardar da zan aika wa iyaye, sai na karanta wa mahaifiyata ita tukuna, domin na koyi cewa kalma ba abin da ka nufa ba ce, abin da kunnen mai ji ya ɗauka ce. Amma babban abin da makon nan ya koya mini shi ne, ashe wataƙila da ban sani ba ba ɗaya ba ne. Wataƙilar da nake yi don in kare kaina ita ta kusa kai ni ƙasa, domin ta sa na yi kama da mai ɓoye wani abu. Ban sani ba kuwa, da na faɗe ta a fili, ita ta wanke ni. Masu manyan maduban nan ma da ita suke aiki, abin da suka auna su faɗe shi ba kwana-kwana, inda ganinsu ya tsaya su ce nan ya tsaya. Ɗalibai har yanzu Malam Wataƙila suke ce mini, sunan ya riga ya bi ni, kuma ina amsawa. Ya fi mini wancan da na kusa samu.